Tallafin taki da iri: wa ya taɓa samu a ƙaramar hukumarsu, kuma yaushe ya shigo hannu?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da tallafin gwamnati, ba wanda ya ji a rediyo ba. Mu nan gefen Argungu sanarwa kam muna sha, an ware, an ƙaddamar, amma ni damuwata lokacin da kayan ke isowa. Wa ya samu, kuma a wane wata?

Mai Masara: Wa alaikumus salam. Ni na samu a GES, shirin tallafin taki da iri na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2012 lokacin Adesina yana ministan noma. An ɗauki sunana da lambar waya, in tes ya shigo sai ka je wurin dillalin da aka ware ka nuna masa ka biya rabin kuɗi a ba ka buhu biyu, kamfa ɗaya yuriya ɗaya. Buhu biyu ko kusa bai ishi gonata ba amma wlh ya zo kafin noman firi, ina zubawa masara ta yi kore shar. Matsalar ƙauyenmu sabis ne, sai ka ga dattawa kan tudun bayan makaranta kowa ya ɗaga waya sama yana jiran tes, wani ma layin ɗansa ya bayar, ɗan ya tafi ci-rani da wayar, shi ke nan ya rasa.

Maman Biyu: Mu mata fa? Ina noma gyaɗa da wake a gayaunata tun da na yi aure, ranar rubuta suna aka ce magidanta kawai. Sai da muka kafa ƙungiya tukuna aka kalle mu.

Na Bakin Gulbi: Gaskiyarki Hajiya, ba ƙungiya ba ka nan. Ni Anchor Borrowers na shiga, wanda Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, kuma don Allah jama'a a gane shi wannan bashin noma ne daga Babban Bankin Najeriya, CBN, ba kyauta ba, da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne. A lokacin sai kana da ƙungiya da asusun banki da BVN, a ba ka iri da taki da maganin feshi, ni har injin ban ruwa na samu, ka biya da shanshera bayan girbi. Noman ranin farko alhamdulillah na biya har na ɗaura rufin kwano. Sai ambaliyar 2020, shinkafa ta fara fidda kai ruwa ya hau, a kwalekwale muka je duba gona ba ka ganin komai sai bakin turakun iyaka, ga bashi a wuya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Fadama: Allah Ya mayar da alheri, Baba.

Ɗan Tudu: Amin. Ni dai abin da ka fara faɗa shi ya same ni. Wata damina taki bai zo ba sai cikin Agusta, gero ya riga ya yi bunni, me zan zuba wa? 'Yan kasuwa kuma suna nan tsaye bakin wurin rabon da kuɗi a hannu, nan take na sayar da arha na sayo hatsi. Ana zagin manomi wai yana sayar da takin tallafi, ba a tambayar yaushe aka ba shi. Gara ma takin 2017 ɗin nan, wanda ake haɗawa a gida da sinadarin Maroko, buhu ɗaya naira 5,500, ba kyauta ba ne amma ka je shago da kuɗinka ka ɗauka tun Mayu.

Mai Masara: Wannan haka yake, ko buhu ɗaya ne a ba ni kafin ruwa ya zauna.

Na Bakin Gulbi: Yanzu ma ni fetur ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya, tun da aka cire tallafinsa a 2023 na rage fadamar da nake yi. Akwai wanda ya mayar da injinsa na gas ko ya sa sola? Nawa ya ci maka, kuma yana jan ruwa sosai?