Yadda za a tsare kayan tarihin shugabanninmu daga gara da laima

A wuraren tarihi irin su kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi da Arewa House, gidan Sardauna a Kaduna, masu aikin adana kayan tarihi sun fi jan kunne a kan takardu. Laimar damina tana sa su fumfuna, hunturu kuma yana busar da su har su kakkarye, don haka a riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. A ɗaga kantoci santimita 15 daga ƙasa, a janye su daga bango, saboda ta nan gara take hawa. A zare duk fil na ƙarfe, tsatsarsa tana cin takarda. Manne wasiƙa cikin leda da zafi kuwa ɓarna ce, ba ta ɓanɓaruwa sai da rubutun.

Babbar riga da rawani a shimfiɗe ake ajiye su, nesa da hasken taga, don rataya tana yaga zare. Kaset ɗin jawabai a gaggauta juye su a kwamfuta, kwafi uku, ɗaya a wani gari. Rufin ginin kuma a duba shi tun kafin ruwan farko, a gyara indararo.