Waɗanda suka ɗanɗana pale ale ta ƙananan gidajen dafa giya a Ingila, yaya kuka ji ta?

Ɗan Filato a Leeds

Jama'a barkanmu. Akwai wani ƙaramin gidan dafa giya a bayan unguwarmu, ma'aikatansa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ranar Asabar suke buɗe ƙofa mutane su sha a gefen tukwanen. Na karɓi pale ale ɗinsu, wadda suka ce irin ta gargajiyar Ingila ce. A allo sun rubuta ƙarfinta kashi 4.2 cikin ɗari, tsiron sha'ir ɗin Maris Otter ne, furen hof kuma, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, Fuggle da Goldings.

Ga abin da na gani. Launinta tsakanin zuma da jan ƙarfe, tas take, kana hango yatsunka ta bayan gilashin. Kumfar ba ta fi kaurin yatsa ɗaya ba, amma ta zauna, kowace kurɓa sai ta bar zobe a jikin kofin. Ƙamshin a hankali yake zuwa, na gasasshen biredi da ɗan na ciyawa. A baki gardi ne ke fara isowa, sai ɗan zaƙi kaɗan, sai ɗaci ya biyo baya ya share komai, harshe ya bushe. Ni na ba ta bakwai cikin goma. Abokin da muka je tare ya ture kofinsa, ya ce lami ce, ba sanyi ba gas, wai kuɗinsa ya tafi a banza. Mun yi ta musu har tashar bas. Shi ya sa na kawo maganar nan, wanda ya taɓa sha ya faɗi nasa.

Maman Biyu, Manchester

Ƙanina, ina bayan abokinka. Abokan aikina sun ja ni wata mashaya bayan mun tashi daga aikin dare na ƙarshen mako, suka yi ta kuranta wata pale ale ta wani ƙaramin kamfani. Da aka miƙo mini na taɓa gilashin na ji ba raɓa a jikinsa, na tambayi yarinyar ko firij ɗinsu ya lalace. Dariya ta yi. Na daure na sha rabi. Ɗacin bai dame ni ba, mu da muka taso da miyar shuwaka, rashin sanyin ne ya kashe mini sha'awa. Huɗu cikin goma, kuma da alfarma.

Kawu na Burton

'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin giya a arewacin Najeriya tun kafin a haifi wasunku, yanzu kuma ina zaune wurin 'yata a Burton, garin da wannan giyar ta yi suna. Maman Biyu, ba laifinki ba ne. Abin da muka sani a gida laga ce, irin su Star da ta fito a 1949. Yis ɗin laga yana aiki ne cikin sanyi, a hankali, ba ya barin ƙamshi mai yawa, saboda haka ana shan ta da sanyi ƙarara ba a rasa komai ba. Yis ɗin pale ale kuwa a wajen digiri 18 zuwa 20 yake aiki, yana tasowa saman tukunya, kuma shi ne ke barin wannan ɗan ƙamshin 'ya'yan itace. In kika sanyaya ta kamar laga, ƙamshin ya ɓuya, gardin ya ɓuya, ɗaci kaɗai zai rage miki. Shi ya sa suke ajiye ta tsakanin digiri 11 da 13.

Ɗan Filato, bushewar harshen da ka ji ita ce alamar sun san aikinsu. Asalinta ruwa ne. Ruwan rijiyoyin Burton yana ratsa duwatsu masu jifsam, gishirin da ke cikinsa yana fito da ɗacin hof ya yi kaifi, ya yanke da wuri maimakon ya yi ta yawo a maƙogwaro. Da masu dafa giya na wasu garuruwa suka gane sirrin, sai suka fara zuba jifsam a nasu ruwan, har yau haka ake yi. Ina da tabbacin mutanen bayan unguwarku ma akwai buhunsa a ɗakin ajiyarsu. Ka tambaye su.

Garin nan a kan wannan giya ya ginu. William Bass ya kafa kamfaninsa a 1777, jan tambarinsa mai kusurwa uku shi ne na farko da aka yi wa rajista a ƙasar a 1876. Daga nan aka riƙa loda ganguna zuwa Indiya a ƙarni na 19. Yau manyan kamfanonin waje ne ke da manyan madafun, gidan tarihin giya na garin ma an rufe shi a 2022. Ƙananan nan ne suka riƙe tsohon girkin, kuma sun yawaita ne bayan 2002, lokacin da Gordon Brown yana ministan kuɗi ya rage wa masu dafa kaɗan haraji.

Yadda nake auna ta: kurɓa ta farko ba hukunci ba ce. Pale ale kamar goro take, ɗaci ne a gaba, daɗin sai ka ba shi lokaci. Ina jira sai na kai rabin kofi in tambayi kaina abu ɗaya, shin bakina na neman wata kurɓar? In zaƙin tsiro ya danne, za ka ji ta yi nauyi, ta gundure ka. In ɗaci ya danne, za ka ji bauri yana kama gefen harshe. Mai kyau ita ce wadda ba ka iya nuna wanda ya yi rinjaye. Maris Otter da ka gani a allo tsohon iri ne, tun shekarun 1960, bai kai sababbin iri yabanya ba, manoma ba sa rububinsa, amma masu dafa giya suna biyan ƙarin kuɗi saboda wannan gardin. Wanda ya sa shi a tukunya ba ya neman araha.

Ɗaliba a Sheffield

Kawu ya gama magana a kan tukunya, ni bari in faɗi na ɗakin ƙasa, don na yi aikin wucin gadi a mashaya ina karatu. Yawancin mutanen da suka ce mini ba sa son wannan giyar, ba giyar suka ƙi ba, gangar da ta daɗe aka ba su.

Giyar da ake ja da famfon hannu da ranta take zuwa, yis ɗin na ciki yana ci gaba da aiki. In aka sauke ganga sai mu kwantar da ita a kan katako, a bar ta ta natsu, a huda saman a sa ɗan toshi na itace iska ta fita, sai gari ya waye ko ma fiye kafin a fara sayarwa. Ba a tura mata gas daga silinda. Ɗan gas ɗin da ke ciki nata ne, shi ya sa abokin Yaya Ɗan Filato ya ji kamar ba komai. To daga lokacin da aka fara ja, iska ke shiga ta maye gurbin abin da ya fita, kwana uku ne kyawunta. Bayan nan ta fara tsami.

Akwai ranar da maigidan da nake wa aiki ya ƙi sauke wata ganga don saura kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wani dattijo da kullum yake zama kusa da taga ya ɗaga kofinsa ya duba a hasken fitila, ya ga ta yi hazo, ya shinshina, bai ko kai baki ba ya dawo da ita kan kanta ya ce a canja. Aka canja masa ba gardama, don haka al'adar take. Ni aka tura in juya alamar famfon ta kalli bango.

Abubuwan da na koya a hanci: in kun ji tsami mai hawa kai, ganga ta tsufa. In kun ji warin man shanu mai yawa har baki na santsi, ko an yi gaggawar fitar da ita daga tukunya ko bututun bai sha wanki ba, kodayake ɗan kaɗan ana yafe wa giyar Ingila. Kuma kuna da damar ku ce a ɗan zuba muku ku ɗanɗana kafin ku biya, ba wanda zai harare ku.

Wani abu kuma, Yaya Ɗan Filato. Kumfar da ta burge ka aikin wani ɗan murfi ne mai ƙananan huji da muke ɗaura wa bakin famfo a nan arewacin Ingila. Yana tsattsage giyar ta yi kumfa mai laushi, amma yana rage mata kaifin ɗaci. Ka je Landan ka nemi irinta, za a ba ka kusan ba kumfa, ɗacin kuma ya fi fitowa. 'Yan kudu da 'yan arewa har gobe ba su daina faɗa a kan wannan murfin ba.

Direba, Derby

Ni ba na sha, addinina ya hana, amma ina bin zancen don kullum ina kai fasinja Burton. Ranar da suke dafawa, tun daga shiga gari ƙamshin tsiro ke cika mota. Kuma a garin ne ake yin Marmite, abin shafa wa biredi, tun 1902, daga ragowar yis ɗin giya. Abin da zan ƙara don 'yan'uwa irina: yanzu ƙananan kamfanonin nan suna yin pale ale da suke cewa ba ta bugarwa, ana jera ta kusa da lemo a shago. Ku juya gwangwanin ku karanta. Wata an rubuta 0.0, wata 0.5. Kowa ya san abin da ya ɗauka.

Ɗan Kaltungo a Denver

Na zo Ingila bikin ƙanwata na gwada irin wadda kuke magana, kuma gaskiya da farko na ji kamar an surka ta da ruwa. Dalili, a nan Amurka in aka ce pale ale, abin da baki ke jira shi ne irin Sierra Nevada ta Kalifoniya, wadda ta fito a 1980, kashi 5.6, da hof ɗin Cascade mai ƙamshin bawon lemo da ke dukan hanci tun kofi na kan tebur. Ta Ingila ba ta ihu. Sai da muka zauna hira ta yi tsawo na gane amfaninta: na sha kofi biyu, kowanne mililita 568, ina cin soyayyen kifi da dankali, na tashi garau, bakina bai gaji ba. Tamu ta nan ɗaya ta ishe ka ka daina jin ɗanɗanon abinci.

Amma ina da ƙorafi. Wasu ƙananan gidajen na Ingila suna rubuta pale ale a allo alhali hof ɗin Amurka suka cika mata, ta fito da hazo kamar ruwan mangwaro. Ba laifi ba ne, sai dai ba ita ake nufi a nan ba. Wanda ke son ta gargajiya ya nemi sunan Fuggle ko Goldings, ko ya fara da Landlord ta Timothy Taylor ko London Pride don ya san ma'aunin, sannan ya koma ga ƙananan ya kwatanta. Wadda na sha a bikin zan ba ta takwas.

Baban Ladi, Abuja

Ku da kuke can kun more. Ni ɗana ne ya kawo mini kwalba biyu a jaka, daga wani ƙaramin kamfani kusa da inda yake karatu. Ta farko na buɗe a makon da ya iso, na fitar da ita daga firij na bar ta ta ɗan huce kamar yadda ya ce, kuma na ji gardin da kuke faɗa. Akwai ɗan laka a gindin kwalbar, ya ce yis ne, in zuba a hankali in bar shi a ciki. Ta biyu na ajiye a kabad sai Kirsimeti, ta sha zafin Abuja na watanni. Da na buɗe, warin jiƙaƙƙen kwali ne ya tarbe ni, ɗacin ya mutu, sai wani zaƙi mara daɗi. Kamfani ɗaya, girki ɗaya. Don haka duk wanda ya sha ta a Najeriya ya ce ba daɗi, a fara tambayarsa ina ta kwana.

Kawu, tambaya gare ka. Tunda yanzu muna da masu ƙaramin girki a gida, irin su Bature da suka fara a nan Abuja kafin su koma Legas, za a iya yin wannan giyar da dawa?

Kawu na Burton

Baban Ladi, za a iya yin giya mai kyau da dawa, mun yi. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole ta sa muka koma dawa da masara, muka sha wuya kafin ta daidaita. Dawa ba ta da ɓawo irin na sha'ir da ke taimakawa wurin tacewa, kuma sitacinta sai an dafa shi da zafi fiye da na sha'ir kafin ya saki. Iyayenmu mata masu burkutu sun san wannan tun kafin mu shiga makaranta. Amma gardin biredin nan na sha'ir ne, dawa nata ɗanɗanon daban, mai ɗan tsami-tsami. In an yi, a ba ta sunanta, kada a auna ta da ta Burton.

Maman Biyu, Manchester

To na ji, Kawu. Ɗaliba, ke da kika san ciki, wace rana ce ganga ta fi zama sabuwa? In zan sake ɓata fam biyar ɗina gara in san na ba ta haƙƙinta.

Ɗaliba a Sheffield

Anti, ba rana ba ce, wuri ne. Ki nemi mashayar da famfunanta ba su da yawa amma mutane sun cika, can ganga ba ta kwana. Yammacin Juma'a ko Asabar ya fi, ki guji tsakar ranar Litinin. Ki duba wane famfo tsofaffin unguwa ke nunawa, ki ce a ba ki ɗanɗano, in ta yi miki ki karɓi rabin kofi tukuna.