Biyarin ɗin Corolla ta 2005 ya sake fara kuka, wanne zan saya?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar mota a taimaka min da shawara. Corolla ce da ni 2005 'yar Amurka, ita nake hawa kullum daga Kano zuwa Wudil wajen aiki. Wata uku da suka wuce ta fara wani irin gunji ta gaba ɓangaren fasinja, in ina tafiya a hankali shiru, amma da na hau titi na ɗan taka sai ka ji kamar jirgi zai tashi, har rediyo ba na ji sosai. Na kai gareji aka ce biyarin ne, wato ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, yaron bakanike ya je ya siyo aka saka, wlh ko wata uku bai cika ba kukan ya dawo. Jiya da aka ɗaga ta kuma aka ce na baya ma ya fara. Sai na ce bari wannan karon in je da kaina, na shiga wani shago na ce hob ɗin baya na Corolla 2005, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa mai biyarin a ciki, ya miƙo min, ina zuwa gareji sai ga shi noti huɗu ne, tawa kuma biyar. Na mayar, ya ɗauko wani mai biyar amma ba shi da wajen da ake jona waya, wai a saka haka nan ba komai. Ni dai hankalina bai kwanta ba shi ya sa ban karɓa ba. Yaya ake gane wanda ya dace da mota? Kuma sabo ya fi ko ɗan Beljiyam? Iyalina nake ɗauka a motar nan, ba na son taya ta fita a hanya.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gara da ba ka karɓa ba. Ni sana'ata ce wannan, kuma kullum abin da nake fama da shi kenan, mutum ya zo ya ce “Corolla 2005” ya yi shiru, alhali Corolla ta wannan shekarar ba iri ɗaya ba ce. 'Yar Amurka noti biyar gare ta, 'yar Turai huɗu, ka ga wanda aka fara ba ka na 'yar Turai ne. Ka duba lambar shasi, tana nan ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da jikin ƙofa, guda 17 ne haruffa da lambobi. In ta fara da 1NX a Amurka aka haɗa ta, 2T1 Kanada (ita ma cikin 'yan Amurkan take), SB1 Ingila, NMT Turkiyya, JTD kuma Japan. Ɗauki hotonta a waya ka tafi da shi kasuwa.

Wajen wayar da ka ce babu, na ABS ne, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki da ƙarfi. A cikin 'yan Amurkan ma wasu sun zo da ABS wasu ba su zo da shi ba, shi ya sa hob ɗin bayan ya kasu biyu, mai ABS sensa ɗinsa a jikinsa yake ta baya. Murɗa makulli ka kalli dashbod kafin ka tada, in fitilar ABS ta kawo ta ɗauke to taka mai shi ce. In ka saka marar sensa zai zauna daram, noti huɗun da ke riƙe shi ta baya duk za su shiga, amma fitila za ta kama ta ƙi mutuwa kuma ABS ya daina aiki kenan. Birki na nan yana ci, sai dai ranar da ka taka da ƙarfi a kan yashi ko titi mai ruwa taya za ta ƙulle motar ta ja ka. Da damina a hanyar Wudil kar ka yi wasa da wannan.

Oga Bakanike Kaduna:
Malam, abin da ɗan uwa ya faɗa a sama haka yake, ni kan na gaban zan tsaya saboda shi ne ya ci maka kuɗi. Na gaban motarka ba hob ba ne, biyarin ne zalla da ake matsa shi cikin nokul, wato babban ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Awonsa 40 ta ciki, 74 ta waje, faɗi 42, duk milimita. In ka ga an rubuta DAC4074 a jiki to wannan lissafin ne, 40 ramin, 74 kewayen waje. Na tsohuwar Corolla ta kafin 2003 ya fi shi ƙanƙanta, a ido kuma kusan ɗaya suke, saboda haka kar ka yarda da “ai duk ɗaya ne”, a sa ma'auni a auna a gabanka ko a jera shi da tsohon a kan tebur.

Amma tambayar da zan maka, da aka saka wancan kana wajen? Da me aka shigar da shi? Don ni a shekarun da na yi ina wannan aiki, yawancin biyarin da ke dawowa da wuri tun ranar sakawa aka kashe shi. Sai ka ga an kwantar da nokul a ƙasa an ɗora tsohon biyarin a kan sabo ana ta maka masa guduma, kowane duka 'yan ƙwallayen ciki suna yin tabo a hanyar da suke bi, ba ka gani da ido amma bayan 'yan makonni shi ne wannan gunjin. Injin matsi ake kai shi. Lokacin shigar da shi nokul zoben waje ake dannawa, lokacin shigar da hob kuma sai a tokare zoben ciki ta ƙasa don kar ya ɓalle, kuma kafin a saka hob ɗin a tabbatar an mayar da kilif ɗin da ke tare biyarin. Ka sa a duba wuyan hob ɗin ma, in ya cinye ya yi santsi ko tsohon biyarin ya juya a kansa ya yi masa zobe, ko wane irin mai kyau ka saka zai riƙa wasa, canza shi za a yi.

Sai babban notin shaf. Na wannan motar 216 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake ɗaure shi, sannan a dandaƙe bakinsa cikin tsagar shaf ɗin don kar ya warware. Yara da yawa bututu suke sa wa sufana su hau kai su yi tsalle, ko ya yi yawa ko bai kai ba, duk biyun suna cin biyarin. Kuma kar a sauke motar a tura ta ko taku biyu ne kafin a ɗaure notin nan.

Wani abu kuma, ka tabbatar ɓangaren da aka canza shi ne mai kukan. A titin da ba kowa ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama, in kukan ya ƙaru sanda ka yi hagu galibi na dama ne, don nauyin can ya koma. In an ɗaga da jak ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, ka sa wani ya juya ta kai kuma ka dafa sifirin, mai lalacewa za ka ji gurzarsa a tafin hannunka. Taya mai cin gefe ma tana irin wannan gunjin, shafa ta ka ji.

Maman Sadiq:
Ni EOD ce da ni, Accord 2004, abin da ya same ni daban ne amma bari in faɗa ko wani zai amfana. An canza min na gaba, muna fita daga gareji fitilar ABS ta kama, aka yi ta neman waya har da cewa in sayi sensa. Ashe biyarin ɗin irin tamu gefe ɗaya yana da maganaɗisu a robar da ta rufe shi, wannan gefen ne ke kallon ciki wajen sensa, su kuma sun juya shi. Kuma in ya shiga ba ya fita lafiya, dole na sake sayen wani. Na biyun da hannuna na sa fil ɗin takarda a jiki, gefen da ya manne na nuna musu. Allah ya kiyaye mu.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Amin Hajiya. Tasa dai ta gaba ba ta da wannan, haƙoran da sensar ABS ɗin ke karantawa a jikin shaf suke. Alhaji na manta zancen sabo da Beljiyam. Na gaba kar ka sayi wanda aka ciro, wajen ciro shi ma lalacewa yake yi, sai dai ka sayi nokul ɗin gaba ɗaya da hob da biyarin a ciki in ka sami mai kyau. Na baya kuwa Beljiyam yana yi, juya shi da hannu kusa da kunnenka, in ka ji tsaki-tsaki ko yana gudu sakwaf ba nauyin giris ajiye shi. Sabo kuma ka nemi Koyo, NSK, NTN ko SKF, amma jabunsu ya cika gari, kwali ba shaida ba ne, duba rubutun jikin ƙarfen ya fita tsaf, kuma in kuɗin ya yi araha da yawa ka san akwai magana. Ka sa a rubuta maka rasit da sharaɗin canji in bai shiga ba.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Na duba yanzu, 2T1 ce kuma fitilar ABS tana kawowa ta ɗauke. Oga ka canka daidai, ina tsaye aka yi ta dukansa da guduma, ban san illa ba ce. Asabar in sha Allah zan sa a ciro hob ɗin bayan in tafi da shi a hannu, na gaban kuma ni zan kai nokul ɗin wajen injin matsi da kaina. Oga, notin shaf ɗin tsohon zai yi ko sabo zan haɗo da shi?

Oga Bakanike Kaduna:
Haɗo da sabo, tunda an riga an dandaƙe bakin wancan sau biyu. Ka siyo kilif ɗin ma.