Zan bar gidan iyaye in koma garin kan tsauni, wanne zan zaɓa cikin ukun nan?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 27, kuma tun da aka haife ni ban taɓa yin wata guda cur a wajen gidanmu ba. Aikina ta intanet nake yi, ina zana wa ƙananan kamfanoni tambari da hotunan talla, don haka duk inda akwai wuta da sabis zan iya neman na kaina. Gidanmu ya cika. Mu uku ne a ɗaki ɗaya, sai wajen ƙarfe ɗaya na dare nake samun shirun da zan yi aiki, ga zafi, ga ƙarar titi. Na zauna da Baba ya amince. Mama ma ta ce to, amma na ga idonta. Babu faɗa, babu ɓacin rai, lokaci ne kawai ya yi.

Na daɗe ina sha'awar zama a gari mai tsaunuka, mai sanyi, wanda mutanensa ba sa gaggawa. Na tace har saura uku. Na farko sananne ne, masu yawon buɗe ido suna cika shi, tsayinsa kusan mita 1,900, sabis mai ƙarfi, amma haya za ta cinye kusan rabin abin da nake samu. Na biyu ƙauye ne can sama, mita 2,700, haya kamar kyauta, shiru kamar ba kowa, hanya ɗaya ce tak take kaiwa can, tafiyar awa tara daga gida. Na uku garin manoma da ma'aikata ne, mita 1,300, awa huɗu daga gida, akwai babban asibiti da kwalejin horon malamai, sai dai ba shi da wani kyan da za ka ɗauki hoto. Gaskiya zuciyata tana kan na biyu. Waɗanda suka taɓa zama irin waɗannan wurare, me kuka gani?

Tsohon ma'aikacin otal: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in cire maka na farko daga lissafi, don shekara shida na yi ina aiki a irin wannan garin. Wurin da baƙi suke zuwa hutawa, mazauninsa ba ya hutawa. A kan tsauni filin da ya dace da gini kaɗan ne, saura duk gangare ne da dutse. Da zarar gari ya yi suna, masu kuɗi za su sayi gidajen da ba sa kwana a ciki sai sati biyu a shekara, masu gidajen haya kuma su gane cewa baƙon kwana uku ya fi ɗan hayan shekara kawo riba. Ni kaina sau biyu mai gida yana ƙwanƙwasa mini ƙofa ana saura wata guda lokacin baƙi ya shigo, ya ce in nemi wani wuri. Na biyun da katifata a ka na bar gidan.

Kuma ko'ina haka abin yake. A Aspen ta jihar Kolorado a Amurka, da yawa daga masu dafa abinci da share ɗakunan otal ba sa iya zama cikin garin, daga garuruwan ƙasan kwari suke zuwa kullum, wasu tun daga Glenwood Springs, tafiyar kusan kilomita 65. A Suwizalan abin ya kai har aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Maris na 2012, aka amince cewa duk garin da gidajen hutu suka haura kashi 20 cikin 100 na gidajensa, kada a ƙara gina sababbi. Idan ƙasa mai arziki irin wannan sai da ta sa doka, kai da kake fara tsayawa da ƙafarka ina za ka iya? Mizanin da aka saba bayarwa shi ne kada haya ta wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da ke shigo maka. Kai ka ce rabi, kuma aikinka ba na albashi ba ne, wani watan ya zo da yawa wani watan ya yi shiru. Ka bar shi ya zama wurin da za ka riƙa kai ziyara.

Ma'aikaciyar jinya: Kafin a yi nisa, ƙanena, ka san rukunin jininka na gado? AA ne, AS ne, ko SS? Kana da asma ko wani ciwon zuciya?

Mai neman shawara: Anti, AS ne. Ba ni da asma. Ban taɓa tunanin wannan yana da alaƙa da zaɓen gari ba.

Ma'aikaciyar jinya: Yana da ita ƙwarai. Yadda mutum yake hawa sama haka nauyin iska yake raguwa, kowane numfashi da ka ja yana shigo maka da oksijin ƙasa da wanda ka saba. A mita 2,700 abin da ya ragu ya haura kashi ɗaya bisa huɗu idan aka kwatanta da bakin teku. Daga mita 2,500 ne galibi ake fara ganin ciwon tsauni ko ga mai cikakkiyar lafiya: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, barci ya ƙi zuwa. Yawancin mutane jikinsu yana sabawa cikin 'yan kwanaki. Mai AS kuwa yana da wani abu daban da zai kula da shi. A ƙasa yana rayuwarsa lafiya lau, amma a wuri mai tsayi sosai, musamman idan ya yi aikin ƙarfi ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowane mai AS yake samun wannan ba, da yawa suna hawa su sauko ba abin da ya same su. Amma wanda ya samu, asibitin da ke da na'urar hoton ciki da likita a kusa yake buƙata, kuma ƙauyen da ka kwatanta ban ji ka ambaci asibiti ba. Ka je ka ga likita ka faɗa masa tsayin wurin da lamba, kada ka ce masa kawai "kan dutse ne". Mita 1,300 da mita 2,700 ba abu ɗaya ba ne a wurin jiki.

Direban babbar mota: Ɗana, kalma ɗaya a rubutunka ta tsaya mini a rai: hanya ɗaya tak. Shekara ashirin da biyu ina hawa da sauka da kaya. Garin da hanyarsa ɗaya ce, ranar da ƙasa ta zaftare ta rufe ta, ko gada ta karye, kun zama tsibiri. Na taɓa kwana uku a gindin tsauni da kaya a mota, muna jiran katafila ta zo ta kwashe laka da duwatsu. Mu da muke ƙasa da sauƙi. Waɗanda ke sama mai ya ƙare musu, janareton eriyar waya ya mutu, sabis ya ɗauke. Kai da abincinka yake cikin intanet, me za ka ce wa wanda ya ba ka aiki?

Sannan arhar hayar nan kada ta ruɗe ka. Duk abin da ba a nomawa a can, mota ce take hawa da shi, kuma mu direbobi muna ƙara kuɗi saboda hawa yana shan mai, sauka tana cin birki. Abin da ka rage a haya za ka biya shi a gas, a magani, a kuɗin mota duk ranar da kwamfutarka ta lalace sai ka sauko gyara. Idan ka je duba ɗaki kuma, ɗaga kai ka kalli abin da ke bayan gidan. In ka ga an yanke gangare an yi gini a jikinsa, ko bishiyoyi da turakun wuta sun karkata, ko bango ya tsage daga tushe, wuce. A Firitawun ta Saliyo, ranar 14 ga Agusta 2017, gefen tsauni ya zaftare bayan ruwan sama mai yawa, sama da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu suna cikin gidajensu da sassafe.

In ka sayi mota ko babur wata rana, da ƙaramar giya ake sauka. Wanda ya dogara da birki kaɗai, yana zafi zai daina kamawa.

Wata 'yar uwa: Ni dai ban yarda a kashe masa gwiwa gaba ɗaya ba. Shekara biyu na yi ina koyarwa a ƙauye irin na biyun nan, kuma har yau ban sake samun barci mai daɗi irin na can ba. Da safe hazo yana kwance a ƙasanka, kana jin ƙarar ruwa daga nesa, kowa ya san sunanka. Abin da kawai zan faɗa maka tsakani da Allah shi ne, ni aiki ne ya kai ni, kullum ina cikin yara da iyayensu. Kai kuwa ɗaki za ka shiga ka rufe da kwamfuta. Matasan irin waɗannan ƙauyuka yawanci sun sauka birni neman aiki, sa'anninka kaɗan za ka tarar. Mutumin da ya tashi cikin 'yan uwa, shirun da yake nema a watan farko shi ne yake danne masa ƙirji a wata na uku.

Malamin labarin ƙasa: Ƙanena, in ƙara maka da lissafin sanyi, don mai gudun zafi yakan raina shi. A matsakaici, duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana sauka da kusan digiri 6.5. Tsakanin gari na uku da na biyu kenan akwai bambancin kusan digiri 9. Kada ka ce ai ƙasarmu ba ta sanyi. Garin Ifran na Maroko, wanda tsayinsa bai fi mita 1,700 ba, an auna digiri 23.9 ƙasa da sifili a can a watan Fabrairu na 1935, kuma a Afirka yake.

Ko cikin gari ɗaya ma unguwa ta fi unguwa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare takan gangaro ta taru a ƙasan kwari, shi ya sa gidan da ke can ƙasa kusa da rafi ya fi wanda ke tsakiyar gangare sanyi da danshi. Idan garin yana arewa da layin da ya raba duniya biyu, gangaren da ke fuskantar kudu shi yake samun rana a lokacin sanyi. A kudancin layin kuma akasin haka ne. Don haka kada dillali ya kai ka ganin ɗaki da tsakar rana. Je da ƙarfe takwas na safe ka ga ko rana tana shiga. Sa tafin hannunka a bango, ja gado ko kabad ka leƙa bayansa, in ka ga baƙin funfuna ka san abin da tufafinka da kwamfutarka za su sha.

Abu na ƙarshe, kuma yana kashe baƙi: kada ka taɓa shiga da garwashin gawayi ɗaki ka rufe ƙofa da taga don ɗumi, haka ma janareto. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take tafiya da shi. Bargo biyu da rigar sanyi mai kauri sun fi.

Hajiya, uwar 'ya'ya biyar: Ɗana, duk sun yi maka maganar dutse da hanya, ni maganar idon mahaifiyarka zan yi, tunda kai ka ambace shi. Uku daga cikin nawa sun bar gida. Wanda yake tafiyar awa huɗu, in na ce ba na jin daɗi da safe, kafin la'asar yana gabana, ya kwana ya koma. Wanda yake nesa kuwa sai dai waya, kuma ni da kaina nake ɓoye masa ciwo don kada in ɗora masa wahalar hanya. Awa tara a hanyar tsauni yini guda ne zuwa, yini guda dawowa. Za ka ce duk wata za ka zo, ba za ka iya ba.

Garin da ka ce ba shi da kyau, shi ne mutane suke zaune don rayuwa. Inda akwai kwaleji akwai ɗakunan haya daidai aljihun mai farawa, akwai masu gyaran waya da kwamfuta, akwai sa'anninka. Tsaunukan kuma ba gudu za su yi ba, ranar hutu ka hau ka sha iska ka dawo. Amma kada ka biya kuɗin shekara daga zuwa. Ka nemi ɗaki na wata ɗaya, kuma ka zaɓi lokacin da garin ya fi muni, tsakiyar damina ko tsananin sanyi. Ka bar wasu kayanka a gida, hankalinta zai fi kwanciya in tana ganinsu.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti, na karɓi kati zan ga likita ranar Litinin, na kuma rubuta tsayin garuruwan uku a takarda. Baba direba, na kira wani da ke ƙauyen na tambaye shi, ya ce bara sau biyu hanyar tana rufewa, ɗaya har kwana biyar. Hajiya, na karanta wa Mama abin da kuka rubuta, ta yi shiru, can ta ce a gaishe ku.

Na yanke zan je gari na uku in yi wata ɗaya idan ruwa ya kankama. Zan tafi da layukan waya biyu in gwada sabis a cikin ɗakin da safe da dare, in kuma rubuta duk abin da na kashe a littafi. Malam, saura tambaya ɗaya: unguwar da ke kusa da kwalejin tana can ƙasa bakin rafi, wadda ke kan gangare kuma ruwan famfo ba ya hawa can sai an saya. Wacce zan fara dubawa?

Malamin labarin ƙasa: Fara da ta gangaren. Ka tambayi maƙwabta, ban da mai gidan, sau nawa ruwa yake zuwa a sati da rani, kuma ko gidan yana da tanki. In ka ga ta bakin rafin ce dole, nemi layin da ambaliya ta bari a jikin katangu, ka zaɓi gidan da ke sama da shi.