Neman sunan Hausa ga kundin da ake kira MEL

Tun da aka fara tattaunawa a kan sunan da ya dace da kundin nan da ma'aikatan jirgin sama ke kira MEL, wato Minimum Equipment List, fassarar da ta fi yawo ita ce "jerin mafi ƙarancin kayan aiki", kuma ina ganin bai kamata mu bar ta ta zauna ba, domin tana juya ma'anar. Wanda ya ji ta zai ɗauka an lissafa kayan da dole su kasance cikin jirgi, alhali abin da kundin ya ƙunsa shi ne na'urorin da aka yarda jirgi ya tashi ko da sun samu tangarɗa. Duk abin da ya shafi lafiyar jirgi kuma ba a ambace shi a ciki ba, dole ya kasance yana aiki.

Kamfanin da ya ƙera jirgi ne ke fitar da uwar kundin, kowane kamfanin sufuri ya tsara nasa daga cikinta ba tare da ya fi ta sauƙi ba, sannan hukumar kula da jiragen sama ta amince. Kowace tangarɗa tana da sharaɗi da wa'adi: wata a gyara ta cikin kwana 3, wata 10, wata 120, kuma akwai wadda ba a tashi da ita sai da rana ko sai sararin sama ya yi kyau.

Wani ɗan'uwa ya kawo "kundin sassauci". Kalmar tana da daɗin faɗi, sai dai a kunnen Bahaushe sassauci yana kusa da sakaci da kau da kai, kuma wannan shi ne ainihin tunanin da ya kamata sunan ya kore. Wata 'yar'uwa ta ce "kundin jinkirta gyara", wanda ya kama wa'adi amma ya saki sharaɗi.

Ni na fi karkata ga "kundin rangwamen tashi". Rangwame abu ne da mai iko ke bayarwa bisa dalili, yana da iyaka, kuma wanda aka yi wa yana da damar ya ƙi karɓa. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci a wurina, domin ko injiniya ya sa hannu, kyaftin ne mai magana ta ƙarshe, kuma yana iya duba tangarɗa biyu da kowacce aka halatta ita kaɗai, ya haɗa su da hadari ko gajeren titin sauka, ya ce ba zai tashi ba.

A watan Yulin 1983, wani Boeing 767 na Kanada ya tashi daga Montreal ma'aunan mansa a mace, kyaftin yana zaton an ba da izini, alhali kundin bai yarda da hakan ba. An kuma yi kuskure wajen lissafin man tsakanin fam da kilo, man ya ƙare a sama, aka lallaɓa jirgin ya sauka a wani tsohon sansanin jiragen soja da ke garin Gimli na Kanada ba a rasa rai ba. Kyaftin ɗin ya zaci akwai rangwame a inda babu, kuma kalmar ta bayyana abin da ya faru ba tare da ƙarin bayani ba.

Na san wasu za su ce rangwame yana tuna musu da rage farashi, shi ya sa na haɗa shi da "tashi".