Tambaya kan Yauri, Ngaski da bakin tafkin Kainji

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum jama'a. An turo ni koyarwa Wara, kuma ban taɓa wuce Jega ba. Takardata ta ce Ngaski, direba ya ce Yauri zai sauke ni, wani kuma ya ce in tambayi Yelwa. Don Allah waɗanga garuruwa ya suke zaune? Kuma ruwan da ake faɗi, kogi ne ko tafki?

Bagungen Zamare:
Wa alaikumus salam, Malam, sannu da zuwa ƙasarmu. Masarautar Yauri, a Jihar Kebbi, ƙananan hukumomi uku ce. In ka biyo titi daga Jega ka wuce Koko, Shanga za ka fara takawa, sai Yauri, sai Ngaski can kudu. Yelwa ita ce garin da direbobi ke kira Yauri, nan fadar Sarki take. Wara ce hedikwatar Ngaski, a bakin ruwa. Birnin Yauri kuma tsohuwar fada ce, tana kan hanyar Kontagora, amma a ƙaramar hukumar Ngaski take, abin da ke rikita baƙi ke nan.

Ruwan kuwa Kwara ce, wato kogin Neja. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 sai ruwa ya taru ya koma baya, ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Madatsar tana Jihar Neja, mu wutsiyar tafkin ce ta same mu. A Yelwa kana ganinsa kamar kogi, sai ka isa Wara za ka ga ya buɗe.

Abin da nake so ka riƙe, tunda yaranmu za ka koyar: kakanninmu Gungawa a tsibirai suke zaune, suna noman albasa da shinkafa da gero. Ruwa ya cinye gungunan, wato tsibiran, aka tashi mutane sama da 40,000 a yankin gaba ɗaya, har tsohuwar Bussa ta nutse. Kakana har ya rasu, in muna cikin kwale-kwale sai ya nuna tsakiyar ruwa ya ce nan gonarsa take. Yaro ya ce maka garinsu Gungun kaza, kada ka nemi tsibiri, sunan ne ya biyo su kan tudu.

Maman Khalifa:
Ƙanena, ka zo wurin kifi. Giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, ga warangi, ɗan ƙaramin kifi, busasshe da ake kaiwa har Kudu. Sarkawa ne gwanayen kamun kifi, Kambari kuma noma. Amma don Allah kada ka hau jirgin da aka danƙare da kaya, kuma ka nemi rigar ruwa. Haɗarin jirgin ruwa na Wara na 2021 bai bar zukatanmu ba.

Bagungen Zamare:
Gaskiya ce, Hajiya. Ga kututturan itatuwa da suka rage a ƙarƙashin ruwa, su ke fasa jirage in ruwa ya ja baya. Malam, ambaliya biyu muke samu: ta damina, sai wadda ke isowa daga tsaunukan Gini cikin sanyi. Daga bazara ruwa ke janyewa, mutane su bi danshi su yi shuka, lokacin za ka ga ajinka ya ragu.

Ɗan Gusau:
Na gode, Allah ya saka. Daga Yelwa zuwa Wara, mota zan nema ko jirgi?

Maman Khalifa:
Mota, ka fito da safe. Sai ka saba da ruwan tukuna.