Bashin katin banki ya ƙi raguwa, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Admin, don Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikaci ne a nan Kano. Bara bankin da albashina ke shiga suka kira ni, wai na cancanci katin bashi na naira dubu 600. Na karɓa don ko-ta-kwana. Sai haihuwar maiɗakina ta zo da tiyata, ga ragon suna, ga kuɗin makarantar yara, kafin in farga na cinye shi tas. Wata bakwai ke nan duk ƙarshen wata suna zarar dubu 30. Jiya ina teburin mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi na buɗe bayanin asusun a waya, sai na ga har yanzu dubu 570 ake bi na. Shayin nan a nan na bar shi. Wani abokina ya ce in ci bashi a manhajar waya in rufe wannan. Maiɗakina ba ta san komai ba. Ina mafita?

Tsohon ma'aikacin banki:
Wa alaikumus salam. Malam, duba takardar da kyau, akwai layin kuɗin ruwa. In uku cikin ɗari suke ɗora maka a wata, dubu 18 ke nan a kan dubu 600. Cikin dubu 30 ɗin da ake cira, dubu 12 kacal ke taɓa uwar kuɗin. Abin da suke zara shi ne mafi ƙarancin biya, aikinsa kawai ya hana a sa ka cikin waɗanda suka gaza, ba ya fitar da mutum. Kuma ko da haka ya kamata a ce ka sauko wajen dubu 510. Gaya mana gaskiya, kana ci gaba da amfani da katin?

Mai tambaya:
Gaskiya ina ɗan zarar kuɗin man fetur da na cefane a wajen masu POS in wata ya yi nisa.

Tsohon ma'aikacin banki:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Kana yashe rijiya kana mayar da ƙasar. Cire tsabar kuɗi kuwa ya fi saye da katin tsada, don yawanci daga ranar ruwa ke fara hawa, ga kuma cajin cirewa. Yau ka daina. Sannan ka shiga reshenku da kanka, ka rubuta cewa a rufe katin, a mayar da ragowar bashin zuwa biya ƙayyadadde mai ranar ƙarewa. Ka karɓi kwafi mai hatimi. Kada ka yi tunanin sauya bankin albashi don ka tsere: tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya kawo tsarin GSI, wanda ke ba banki damar ɗibar kuɗinsa daga sauran asusunka ta lambar BVN in ka gaza biya. Sunanka kuma zai shiga rajistar masu taurin bashi. In ka ga cajin da ba ka gane ba, ka kai ƙorafi a rubuce. In ba su warware ba, kana da damar kai wa sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗan'uwa, manhajar nan ka rufa wa kanka asiri. Ƙanina ya ci dubu 40, da ya makara kwana kaɗan sai ga saƙo a wayar surukinsa ana ce masa ɓarawo. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta sha yin dirar mikiya a kan masu wannan ɗabi'a, amma mutuncin da ya zube wa zai kwaso maka? Sannan ka gaya wa matarka. Ita ke riƙe da tukunya, ta fi ka sanin inda za a rage.

Ɗan Kwari:
Hajiya, a nan ban bi ki ba, mai jego ce, a bari hankalinta ya kwanta. Ni dai a kasuwa abin da muka sani, bashi mai ruwa da dunƙule ake kashe shi. In kana adashi a ofis, ka roƙi uwar adashi ta ba ka ɗaukar farko ka zuba duka. Wayar da ta fi ƙarfinka ka kai kasuwar waya ta Farm Centre ka sauko ƙarama.

Maman 'Yan Biyu:
Jegon wata bakwai, Alhaji? Ranar da za ta ji a bakin wani ita ce matsalar.

Malamin Islamiyya:
Allah ya yaye maka. Riba ce, ka yi istigfari ka gaggauta fita, kowane wata da ka ƙara ƙarin ribar kake biya. Kada kunya ta hana ka neman rance marar ruwa wajen ɗan'uwa mai hali, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Wanda bashin lalura ya danne ma yana cikin masu cin zakka.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Na cire katin daga walat na ba yayana ya ajiye. Litinin zan shiga bankin. Adashinmu dubu 20 ne mutum goma, ɗaukata sai wata na takwas, zan gwada roƙon musanya. Maganar maiɗakina kuma, Hajiya, ta ina ake farawa?